Rigar Ƙanƙara a Ƙofar Wambai

Wata Asabar ce a cikin Disamba, hunturu ya kankama, hazo ya lulluɓe Kano har ba ka hango Dala daga nesa, muka shiga kasuwar Ƙofar Wambai neman rigar sanyi. Mun taki sa'a, domin mun tarar da wani mai gwanjo yana yanke igiyar sabuwar dila. Duk wanda ya taɓa tsayawa a inda ake fasa dila ya san yadda abin yake: kaya su kumbura su baje, warin maganin da aka fesa musu ya bugi hanci, hannaye goma su kai cafka a lokaci guda. A cikin wannan wawason muka zaro wata jaket ruwan goro mai ɗaukar ido. Tana da hula a haɗe, da zif a ƙarƙashin kowace hammata, da wata roba a ƙugu ta ciki wadda da farko ba mu gane amfaninta ba. Muka juya cikinta, muka ga an bi kowane layin ɗinki an manne shi da siririn tef don kada ruwa ya bi ramin allura.

"Alhaji, wannan fa?"

"Malam, ai ta sahun farko ce. Duba da kyau, ko zare ɗaya bai tashi ba. Bature bai more ta ba."

Gaskiya ya faɗa. Sai da muka koma gida muka lura da wani ɗan aljihu a hannun hagu, a cikinsa kuma da katin roba kamar na cirar kuɗi a banki, ɗauke da hoton tsauni da sunan wani wurin wasa a ƙasar Ostiriya. Irin katin nan ne da masu wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara suke saya domin ƙofa ta buɗe musu su hau kujerun da igiyar ƙarfe ke ja zuwa saman dutse. Akwai 'yar na'ura a cikinsa wadda ƙofar ke karantawa ba sai an ciro shi ba, shi ya sa aka ɗinka masa aljihu a hannu. Robar ƙugun nan kuwa aikinta hana ƙanƙara shiga jiki idan mutum ya faɗi. Katin na kwana shida ne, kuma in aka dubi wuyan rigar da bakin hannunta, da wuya a ce ta yi abin da ya fi haka da yawa a jikin mai ita.

An yi wannan riga ne ta jure shekara goma ana birgima da ita a kan tsauni. Ba ta yage ba, ba ta koɗe ba, ruwa bai fara ratsa ta ba. To me ya kashe ta a wurin mai ita, har ta keto teku ta zo hannunmu a kan kuɗin da bai kai na takalmin Sallah ba? Kuma shin akwai laifi a cikin wannan, ko kuwa harkar duniya ce kawai, wani ya yar wani ya tsinta?

Hausa ta tanadar mana kalmomi uku da za su taimaka. Akwai sutura, wato abin da ke rufe jiki ya kare shi daga rana da sanyi da idon jama'a. Kalma ce mai nauyi, shi ya sa ko mamaci ma suturta shi ake yi. Akwai ado, wato abin da mutum ke ƙarawa domin ya ji daɗin kansa, wasu su ji daɗin kallonsa. Sannan akwai yayi. Shi yayi ba a jikin tufafin yake ba, a jikin lokaci yake. Riga ɗaya ce, jiya ana yayinta, yau an daina, alhali ba abin da ya canza a zarenta. Mun daɗe muna haɗa ado da yayi wuri ɗaya, kamar duk wanda ya soki ɗaya ya soki ɗayan. Tarihin rigar ƙanƙara yana nuna cewa kowanne hanyarsa daban.

A asalinta, rigar sanyi ta yankin ƙanƙara maganar rai da mutuwa ce. Mutanen Inuit na arewacin Kanada da Girinlan sun shafe ɗaruruwan shekaru suna ɗinka ta da fatar karibu, wata irin barewa ta can. Biyu suke sawa, ta ciki gashinta yana kallon jiki, ta waje gashinta yana kallon iska, sai iskar da ta maƙale a tsakani ta riƙe ɗumi. Domin ruwa kuwa, da hanjin dabbobin teku suke yin wata riga shara-shara wadda ba ta jiƙewa. Mata ne masu ɗinkin, da jijiyar dabba a madadin zare, kuma kowace ta san in ɗinkinta ya saki a wurin farauta, mai gidanta ba lallai ya dawo ba. Kalmar anorak da Turawa ke kiran irin wannan riga da ita daga harshen mutanen Girinlan ta fito. Roald Amundsen, ɗan ƙasar Norwe, ya yi hunturu biyu tsakanin 1903 da 1905 tare da wata al'umma ta Inuit, ya koyi yadda suke sa tufafi, kuma da irin kayan fatar nan ya zama na farko da ya isa ƙuryar kudancin duniya a watan Disamba na 1911. Abin lura shi ne, waɗannan riguna ba su rasa ado ba. Ana yi musu zane da fata fara da baƙa, ana yi musu tunku, har akan gane yankin da mace ta fito daga yankan rigarta. Ado ya cika, amma ba wanda ke jefar da riga don shekara ta juyo.

Haka ma rigar da aka cusa wa lallausan gashin agwagwa, wadda yanzu ta cika titunan Landan da dilolin Kano. Wani mai shagon kayan wasanni a Amurka, Eddie Bauer, sanyi ya kusa halaka shi a wurin kamun kifi, ya dawo ya ƙirƙiro jaket mai ɗinkin gida-gida wanda ke hana gashin zubowa ƙasa, ya fitar da ita a 1936. Kamfanin Moncler kuwa a 1952 aka kafa shi a wani ƙauye kusa da Grenoble a Faransa, yana yin tantuna da buhunan barci na masu hawa dutse. Jaket ɗinsa na farko ma'aikatansa aka yi wa, su ɗora a kan kayan aiki saboda sanyin masana'anta. A 1954 kayansa ne tawagar Italiya ta yi amfani da su wajen hawa tsaunin K2. Yau jaket ɗaya ta wannan kamfani takan haura dala 1,000, kuma yawancin masu sayenta iyakar hawansu matakalar otal.

Yadda aka taso daga can zuwa nan ba a ɓoye yake ba. Wasan zamiya tun farko na masu hali ne, domin sai mai kuɗin jirgi da masauki da hutun mako guda. Inda masu kuɗi suka taru kuwa, kallon juna ya zama rabin wasan. A 1947 wata mai ɗaukar hoto ta mujallar Harper's Bazaar ta ga kayan zamiya da wani ɗan Italiya, Emilio Pucci, ya tsara a garin Zermatt na Suwizalan, hoton ya fita, daga nan ya zama babban mai tsara tufafi. A farkon shekarun 1950 Maria Bogner a Jamus ta fito da wandon zamiya mai talewa wanda ke bin jiki, mata da maza suka yi masa caa. A shekarun 1980 aka koma riga da wando a haɗe, launi kamar an zuba fenti, ruwan hoda da tsanwa da rawaya masu kashe ido. A shekarun 1990 matasa masu zamiya a kan allo ɗaya suka mayar da wannan abin dariya, suka kawo kaya burum-burum masu duhun launi. Yanzu kuma haɗaɗɗiyar rigar nan ta 1980 ta dawo, jikokin waɗanda suka jefar da ita suna neman ta da tsada. Chanel ya buɗe sashen kayan ƙanƙara a 2018, Zara da H&M su ma suna fitar da nasu duk shekara a kan farashi mai sauƙi, ga wanda zai je mako ɗaya ya ɗauki hoto ya dawo.

Masanin zamantakewa ɗan Jamus Georg Simmel ya yi rubutu a kan yayi a 1904, inda ya nuna cewa buƙatu biyu ne ke juya shi: son mutum ya yi kama da wasu, da son ya bambanta da wasu. Na sama su ɗauki wani salo, na ƙasa su kwaikwaya, da zarar ya yaɗu na sama su gudu su nemi wani. Ya faɗi gaskiya, amma a zamaninsa abin bai zama masana'anta mai ofis da ma'aikata ba. Yau akwai kamfanoni, irin su WGSN, da sana'arsu ita ce sanar da launin da za a yi yayi shekara biyu kafin lokacin, domin masu rini da masu saƙa su shirya. Pantone yana naɗa launin shekara tun daga 2000. Ke nan tun ranar da Baturen nan yake biyan kuɗin jaket ɗinsa ruwan goro, an riga an zauna a wani ɗaki an yanke launin da zai sa ta zama tsohon yayi.

A nan ne maganar ta taɓa mu, mu masu rubuta manhaja, domin wannan sana'a ce da muka sani ciki da bai.

Hanya biyu ce ake tsufar da abu. Ta farko a raunana shi. A ƙarshen 1924, shekarar da aka yi gasar Olamfik ta hunturu ta farko a Chamonix, manyan kamfanonin ƙwan lantarki, ciki har da Osram da Philips, suka haɗu a Geneva suka amince kada ƙwai ya wuce awa 1,000 yana ci. Wannan ha'inci ne a fili, kowa ya ji zai ce haka. Hanya ta biyu ta fi wayo, ita ce a bar abu da ƙarfinsa a canza duniyar da ke kewaye da shi. A ranar 14 ga Oktoba, 2025 Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10, alhali miliyoyin kwamfutoci masu lafiya ba su cika sharuɗɗan hawa Windows 11 ba. Ba wanda ya taɓa su, amma sun wayi gari tsofaffi. A nan aƙalla akwai hujjar tsaro da za a iya kafawa. Yayin tufafi ya wuce nan, domin shi ko wannan hujjar ba ya nema. Rigar tana nan yadda take. Idon mai ita aka yi wa aiki, har ya zamana in ya dube ta sai ya ji wani abu kamar kunya.

Mun san yadda ake wannan aikin saboda mun yi shi. Mun taɓa gina manhajar saye da sayarwa ga wani shagon tufafi, aka ce mu gwada shafi iri biyu. Ɗaya yana nuna riga da farashinta da bayanin yadinta. Ɗayan yana ƙara jan rubutu cewa saura biyu, da agogo mai ƙirgawa baya, da saƙon da zai biyo mutum har wayarsa da dare yana tuna masa abin da ya bari a kwando. Bayan mako biyu muka duba alƙaluma, shafi na biyu ya yi nasara, muka yi murna, aka yaba mana. Ba wanda ya tambaya a cikinmu ko mutanen da suka danna suna buƙatar rigar. Allon da muke kallo ba shi da gurbin wannan tambaya. Yana ƙirga wanda ya saya ne kawai, ba ya ƙirga wanda ya yi nadama.

Sai dai adalci ya sa mu saurari masu kare yayi, kuma hujjojinsu ba na wasa ba ne. Suna cewa ɗan Adam ba jaki ba ne da za a ɗaura masa buhu a ce ya isa. Son sabo a jininmu yake, kuma zamani riga ne. Suna cewa launi mai kashe ido a kan ƙanƙara ba ƙawa ce kawai ba, shi ke sa a hango wanda ya faɗi a cikin farin fili. Suna cewa kuɗin masu sayen sabo ne ke biyan bincike: a 1969 Bob Gore ya gano yadda ake tale wata roba ta zama shamaki mai ƙananan ramuka, ɗigon ruwa ba ya shiga amma tururin gumi yana fita, kuma da kasuwar masu hawa dutse da masu zamiya ne Gore-Tex ya yaɗu daga 1976, har irin wannan fasaha ta iso ga talaka. Suna cewa dubban iyalai a Biyetnam da Bangaladash da Sin da wannan ɗinki suke cin abinci. Hujjarsu ta ƙarshe kuwa mu ne. In Bature bai gaji da rigarsa ba, ina ɗan acaɓa a Jos zai samu jaket mai tare iska da asuba? Ina mai gadi a Zariya zai samu?

Kuma kafin mu nuna wa wani yatsa, mu dubi akwatunanmu. Anko nawa muka ɗinka muka sa sau ɗaya? Shadda nawa ce a ajiye don an daina yayin aikin wuyanta? Mun ga gidajen da aka ci bashi saboda lefe, mun ga 'yan matan da suka ƙi zuwa bikin ƙawa saboda ba su da kuɗin ankon kamu da na dina da na wuni. Wanka da gari ba ya maganin yunwa, mun sani, amma muna yi. Cutar da ke tsaunukan Alps tana nan a Zoo Road.

Duk da haka akwai inda hujjar ta gaza, kuma a jikin rigar kanta gazawar take. Babbar riga ta auduga in ta ƙare takan zama tsumma, tsumma ya zama ƙasa. Jaket ɗin ƙanƙara kuwa daga man fetur aka yi ta, nailan ne da foliyesta, ba ta ruɓewa a tsawon rayuwar wanda ya sa ta ko ta jikansa. Abin da ke sa ruwa ya gangare a bayanta kamar a bayan agwagwa, shekara da shekaru sinadaran da ake kira PFAS ne. Haɗin da ke cikinsu yana da ƙarfin da rana da ruwa da ƙwayoyin ƙasa ba sa iya warware shi, har ana yi musu laƙabi da sinadaran har abada. An same su a jinin mutane, an same su a dusar ƙanƙarar tsaunukan da ba kowa ke zuwa ba, kuma a 2023 hukumar binciken kansa ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa ɗaya daga cikinsu, PFOA, a jerin abubuwan da ke jawo cutar. Hukumar wasan zamiya ta duniya ta hana shafa kakin da ke ɗauke da su a ƙarƙashin allon zamiya daga kakar 2023. Faransa ta yi dokar hana su a tufafi daga farkon 2026. Madalla. Amma miliyoyin rigunan da aka riga aka ɗinka ba za su ɓace ba don an yi doka. Hanyar da tamu ta biyo za su biyo, kuma in sun gama yi mana aiki, a bola za a cinna musu wuta ko su toshe kwata da damina.

Wato an ɗauki abu mai rai na ɗaruruwan shekaru, an ɗaura masa sha'awa mai rai na wata huɗu. Tazarar da ke tsakanin waɗannan biyun wani ne zai biya ta, kuma ba wanda ya saya ba ne.

Ita ma ƙanƙarar da ake yi wa kwalliyar tana janyewa. Daskararriyar ƙanƙarar tsaunukan Suwizalan ta rasa kashi 10 cikin 100 na girmanta a shekara biyu kacal, 2022 da 2023. A 2023 ɗin aka yanke shawarar rufe wani ƙaramin wurin zamiya a Faransa mai suna La Sambuy, a kwance igiyoyinsa, domin ƙanƙarar da a da take kai watanni ta koma 'yan makonni. Gasar Olamfik ta hunturu da aka yi a Beijin a 2022 kusan gaba ɗaya a kan ƙanƙarar inji aka yi ta. Ba za mu ɗora wa jaket wannan laifi duka ba, domin hayaƙin mota da jirgin da ke kai mutum tsaunin ya fi na rigarsa nesa ba kusa ba. Amma akwai abin da ke sa mutum ya yi shiru in ya ga kundin tallan kayan hunturu yana ƙara kauri a daidai lokacin da hunturun kansa yake ƙara gajarta.

Mu dawo kan hujjar gwanjo, tunda ita ce ta fi kama mu. Gaskiya ne muna amfana, kuma da babu gara ba daɗi. Amma dila ba ta zuwa da ta sahun farko kaɗai. Wanda ya saye ta a rufe yake saye, kamar caca, sai ya fasa ya ga rabonsa. A kasuwar Kantamanto ta birnin Akra, wata ƙungiya mai aiki a can, Or Foundation, ta ƙiyasta cewa tufafi kimanin miliyan 15 ne ke shigowa duk mako, kuma wajen kashi 40 cikin 100 shara suke zama, su cika juji su gangara bakin teku. 'Yan mata daga arewacin Gana ne ke ɗaukar dilolin a ka. A farkon Janairun 2025 gobara ta cinye babban ɓangaren kasuwar. Mutanen can suna kiran waɗannan kaya da sunan da ke nufin tufafin mataccen Bature, domin da farko sun ɗauka ba mai rai da zai rabu da kaya masu kyau haka. A Najeriya kuwa doka ta hana shigo da gwanjo, amma kowa ya san ta Kwatano yake biyowa. Kuma a da muna da namu maganin sanyi, gwado da luru da sakala, saƙar hannu, ga masaƙun Kaduna da Kano. Abubuwa da yawa ne suka durƙusar da su, rashin wuta da fasa-ƙwauri a kan gaba, amma wa zai sayi gwado alhali ga jaket a rabin kuɗinsa?

A nan ne muke ganin bambanci tsakanin gwanjo da abin da muke kira kwance. In babban wa ya ba ƙanensa kwancen riga, ko uwar ɗaki ta ba 'yar aikinta zane, mai bayarwa yana ganin fuskar mai karɓa. Ba zai ba shi tsumma ba, don zai ji kunya, kuma in ya ba shi za a faɗa. Wanda ya jefa jaket a akwatin tara tsofaffin kaya a bakin titin Viyana ba ya ganin kowa. Yana tafiya da jin cewa ya yi alheri, wurin da ya samu a kabad kuma ya cike shi da sabuwa. Ba ya ganin mai gadin da ya ji ɗumi, ba ya ganin kwatar da ta toshe. Akwatin nan ya zame masa wurin wanke hannu.

Wasu kamfanonin sun gane haka. A 2011, a ranar da Amurkawa suka fi yin sayayya a shekara, Patagonia ya sayi shafi guda a jaridar New York Times, ya sa hoton jaket ɗinsa, ya rubuta cewa kada a saye ta, ya lissafa ruwan da aka kashe da hayaƙin da aka fitar wajen yin ta. Kamfanin yana gyara tsofaffin kayansa, yana kuma sayar da na hannu. Mun yarda da niyyarsu. Sai dai cinikinsu ƙaruwa ya yi bayan tallan. Kasuwa ta haɗiye nasihar, ta mayar da ƙin yayi shi ma wani yayi, mai lambarsa a ƙirji da farashinsa.

To laifin na wa? Mun daɗe muna juya wannan, kuma inda muka tsaya shi ne ba na ado ba ne. Matar Inuit da ta yi wa rigar mijinta zane ba ta cuci kowa ba, haka ma wanda ya ga jaket ruwan goro ransa ya biya ya saya. Mai sayen da ya jefar da ita bayan kaka ɗaya yana da nasa kason, amma ƙarami ne, domin shi kaɗai ne a gaban rundunar mutanen da ake biya albashi su sa ya ji ƙyamar abin da ya mallaka. Babban kason yana kan wannan runduna: mai yanke launi, mai tsara talla, mai biyan 'yan Instagram su yi hoto a kan tsauni da kayan da ba su taɓa jiƙewa ba, da wanda ya rubuta lissafin da ke zaɓar hoton da zai faɗo a wayarka ƙarfe sha ɗayan dare. Na ƙarshen nan mu ne, ko abokan karatunmu. Mun saba cewa mu kayan aiki kawai muke ginawa, abin da aka yi da su ba ruwanmu. Tela ma zai iya faɗin haka. Amma tela in ya sa maka zaren da ya san zai saki, sunansa maha'inci, mu kuwa in muka sa maka damuwar da muka san za ta kai ka ga saye, sunan abin ƙwarewa, har a ƙara mana matsayi.

Ba mu daina aikin ba, kada mai karatu ya ɗauka waliyyai ne ke magana. Akwai haya, akwai kuɗin makaranta. Abin da ya canza ɗan kaɗan ne. Da aka sake kawo mana irin wancan aiki, mun ce za mu rubuta saura biyu ne kawai in da gaske biyun suka rage a sito, agogon ƙarya kuma ba za mu sa ba. Mai shagon ya yi mana kallon waɗanda ba su san kasuwa ba, kuma mai yiwuwa ya samu wanda ya sa masa daga baya.

Jaket ɗin tana hunturunta na uku a gidanmu. Ƙanenmu ne ya gaje ta, shi da ke fita a babur bayan sallar asuba zuwa wurin aiki a Sharaɗa. Bara kan zif ɗinta ya karye, muka kai wa wani tela a bakin kasuwa, ya canza shi a kan kuɗin da bai kai na datar kwana biyu ba. Ya juya ta yana duba tef ɗin cikin, ya ce, "Yallaɓai, wanda ya ɗinka wannan ya san aiki." Ya tambaya ko a toshe zif ɗin hammata tunda ba shi da amfani, muka ce a bar shi, da rana in gari ya ɗumama yana taimakawa. Launin da aka zaɓa don a hango mutum a cikin farar ƙanƙara, a cikin hazo ma daga nesa direban tirela yake hango shi. Katin yana nan a aljihun hannun hagu, yaron ya ce a bar masa.